Minti Uku-Uku

Aikina rubutu ne, ba magana ba.
Shekara sha tara ina kusurwar ɗakin kwamiti a Lincoln,
yatsuna na bin bakin mutane
kamar kaza bayan mai shiƙa.

Yau lamba aka zo yi wa ciniki.
Mako ashirin, in ji na gefen taga.
Ashirin da huɗu, in ji na gefen ƙofa.
Wani tsohon sanata ya ce sha biyu ma an yi rangwame.
A waje ƙanƙara ta binne motoci,
masu kwalaye sun ja layi biyu suna hararar juna,
numfashinsu na tashi fari, iri ɗaya.

Kowa minti uku.
Fitila kore, sai rawaya, sai ja.

Gretchen Oelkers ta zo riƙe da hannun ɗanta.
Ta ce, “A mako ashirin da uku ya faɗo duniya.
Zoben auren ubansa ya shige damtsensa har kafaɗa.
Ga shi nan, Tobias, aji biyar.
Ku nuna mini layin da ya tsallake ya zama mutum.”
Yaron ya gyara tabarau mai kauri,
yana sosa gwiwa, yana duban agogo.
Gida yake so.
Na rubuta.

Marisela Quintero ba ta zo da kowa ba.
Ta ce, “Mun riga mun shafa wa ɗakin fenti.
A mako ashirin da ɗaya mai ɗaukar hoton ciki ta yi shiru,
irin shirun da ke da nauyi.
Babu ƙoda, ko ɗaya. Huhu ba zai buɗe ba.
Aka ce a sake gwaji, a jira kwana goma.
Lambar da kuke taya wa, kwana goman nan sun cinye ta.
Ba ƙinta na yi ba.
Har suna na raɗa mata…”
Fitila ta yi ja.
Shugaba ya kashe lasifika, ya ce an gode.
Leɓenta ya ci gaba da motsi.

Likita Haugen ya cire hula ya ajiye.
Ya ce ita na’urar kanta takan yi kuskuren kwanaki, gaba ko baya.
Suka ce, to ba mu ranar.
Ya ce, “Da ina da ita, da na kawo muku a aljihu.”
Aka yi dariya kaɗan.
Dariya ma muna rubuta ta.

Ni kuwa akwai wata Talata da ban taɓa ba wa takarda ba.
Akwai hular ulu a ƙasan akwatina,
ba ta fi ta rufe lemo ba.
Verle ya san inda take. Ba ya taɓawa.
Kada ku tambaye ni layin da zan shiga a waje;
wanda ya taɓa kwana a bakin wannan rijiya
ba ya saurin faɗin zurfinta.

Sha ɗayan dare saura suka soke lamba, suka ɗora wata.
Ashirin da biyu. Biyar sun ɗaga hannu, uku sun naɗe nasu.
Kowa ya fita da fuskar wanda aka cuta a awo.
Tobias ya yi barci a kan benci, takalmi ɗaya a ƙasa.
Marisela ta tsaya neman mabuɗin mota,
tafiyar awa uku na jiranta cikin sanyi.

Na zauna gyaran shafi na tamanin da shida.
Ga gurbin nan, bayan “na raɗa mata”.
Gaɓa uku ne. Na gani a leɓenta,
na iya faɗinsa yanzu in na so.
Ƙa’idar aiki ta ce in sa: ba a ji ba.
Mai shara ya leƙo, ya ce zai kashe wuta.
Na ce ya ba ni minti uku.